Ƙarar Tik-Tik a Injin Mota: Yadda Ake Gano Tushenta Kafin a Kwance Inji

Cikin matsalolin mota, kaɗan ne ke cinye kuɗi a banza kamar 'yar ƙarar nan ta tik-tik da ke fitowa daga ƙarƙashin bonet. Dalili shi ne abubuwa da yawa ne ke yin ta, kuma a kunnen wanda bai saba ba duk ɗaya suke. Fulogin da ya kwance yana yi. Salansar da ta ɓule daga wuya tana yi. Lafiyayyen nozul, wato mai fesa wa inji fetur, ma yana yi, don aikinsa ke nan. Haka kuma injin da baƙin mai ya daina isa samansa, wanda saura ƙiris ya buga, shi ma da wannan 'yar ƙarar yake fara kuka. Na farkon sifana ɗaya ta ishe shi. Na ƙarshen kuwa, in aka yi sake, sai an shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka neman wani injin. Amma a gareji da yawa, da an ɗaga bonet an kasa kunne na ɗan lokaci, hukuncin ɗaya ne: "Alhaji, tafet ne. A zuba mata mai mai kauri, za ta yi shiru."

Za ta yi shirun kuwa, wani lokaci. Ko ta warke, wannan wata maganar ce daban.

Kafin komai, a duba baƙin mai. A tsayar da motar a wuri mai daidai, a kashe ta, a ba ta minti biyar zuwa goma man ya koma ƙasa, sannan a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ce. Abin da ya sa ake farawa daga nan shi ne famfon mai yana can ƙasan inji, su kuwa bawul da kamshaf suna can ƙololuwa, su ne ƙarshen layi. In mai ya yi ƙasa, ko famfo ya fara zuƙo iska tare da shi, su ne ke fara jin ƙishi, su ne kuma ke fara ƙara. Akwai motocin da aka san su da shan mai ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2AZ-FE, lita 2.4, tana sahun gaba: ringin fistin ɗinta na barin mai ya haura ya ƙone, har kamfanin Toyota ya tsawaita garantin gyaran wannan matsalar a Amurka. Mai irin wannan motar da ke jiran ranar juye kafin ya leƙa sandar awo, wata rana zai zaro ta a bushe.

Jar fitilar nan mai hoton buta a dashbod ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Saboda haka in ƙara ta haɗu da jar fitila, ko da fitilar ƙyaftawa kawai take yi a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, babu batun "bari in lallaɓa in kai gida". A kashe injin nan take, a nemi abin ja.

To, a ce mai na nan daidai, fitila ba ta kama ba, ƙarar kuma tana nan. Sai a koma kan tafet ɗin da kowa ke zargi, a fahimci yadda yake. A saman kowace silinda akwai bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, wata sanda mai tozo-tozo da ke juyawa tana danna su ta hanyar wani ɗan ƙarfe da ke tsakaninsu, wato tafet, sifirin kuma yana mayar da su su rufe. Ƙarfe yana buɗewa in ya ɗau zafi, shi ya sa ake barin 'yar rata tsakanin mai dannawa da wanda ake dannawa, ratar da ba ta kai rabin milimita ba. In ratar nan ta yi yawa, maimakon a tura bawul a hankali sai a riƙa ƙwala masa duka, dukan nan ne kunne ke ji. Sautinsa siriri ne, mai tsari, kamar na keken ɗinki, kuma yana bin totur: ka taka ya yi sauri, ka saki ya lafa. Da yake kamshaf juyi ɗaya yake yi duk lokacin da kiranshaf, babbar sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa, ya yi biyu, injin da ke silo a juyi 720 a minti zai sa bawul ɗaya ya buga sau 360, wato sau shida a daƙiƙa. Kunne na iya bin wannan.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne ɗaukar duk injuna a matsayin ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Tsohuwar Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, tana da sukuru da noti a kan kowane bawul. Ana sa ma'aunin rata, a murza, a ɗaure. Da ita da ire-irenta ne manyan kanikawanmu suka koyi saitin tafet. Honda ma ta riƙe wannan tsarin a injunanta masu silinda huɗu, irin K24 da ke cikin Accord ta 2003 zuwa 2007, inda ratar take tsakanin milimita 0.2 da 0.3, ta ɓangaren hayaƙi ta ɗan ɗara ta ɓangaren iska. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE kuwa ba ta da sukurun da za a murza. Wani ɗan kofin ƙarfe ne kife a kan bawul, in rata ta ɓaci sai an ciro kamshaf an sauya kofin da wani mai kaurin da ya dace, kuma ba kasafai take buƙatar hakan ba. Sai rukuni na uku, irin su Golf 3 da Corolla ta 2009 zuwa sama mai injin 2ZR-FE, waɗanda tafet ɗinsu da mai yake aiki: mai ne ke shiga cikinsa ta wata 'yar ƙofa ya cika shi, ya cinye ratar da kansa. Wannan babu abin saitawa a jikinsa. Duk bakaniken da ya karɓi kuɗin saitin tafet a irin wannan injin, a tambaye shi me ya murza.

Tafet mai aiki da mai yana ƙara ne in ya kasa riƙe man. Ko dai dauɗa ta toshe ƙofar, ko ɗan bawul ɗin cikinsa ya gaji yana sakin mai, ko kuma man ne ba ya zuwa da ƙarfi. In mota ta kwana biyu a ajiye aka tashe ta, ta yi tik-tik na 'yan daƙiƙu sannan ta yi tsit, wannan ba ciwo ba ne, man ne ya tsiyaye ya dawo. In kullum safiya sai ta ɗauki mintuna tana yi, a fara zargin filta, domin filtar kirki tana da wata roba a ciki da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji, ta jabu kuwa sau da yawa robar ba ta riƙe komai. In kuma ƙarar ba ta tafiya ko inji ya yi zafi, to ko tafet ɗin ya mutu, ko tozon kamshaf ya cinye, kuma ba a sanin wanne ne sai an buɗe marfin sama an gani da ido.

Lokacin da ƙara ke zuwa shi ne babban mashaidi, ya fi ƙarfinta muhimmanci. Mai mota ya fi bakanike damar lura da wannan, tunda shi ke tashin ta da asuba, shi kuwa bakanike sai ta yi zafi take isa hannunsa.

Ƙarar da ke da ƙarfi da sanyin safiya, tana ɗan haɗawa da huci, tana ƙaruwa in an taka wuta, sannan ta ɓace bayan mintuna kaɗan, mafi yawa ba a cikin inji take ba. Manifol ne, wato inda bututun hayaƙi ke manne da jikin inji. Gaskit ɗinsa ya ƙone, ko ƙusa ɗaya ta karye, ko shi kansa ya tsage. Duk lokacin da silindar wajen ta fitar da hayaƙi sai ya tsarto ta kafar da ƙarfi. Da ƙarfen ya ɗau zafi ya buɗe, sai kafar ta matse. Shaidarsa baƙin tabon hayaƙi a gefen wurin, wani lokaci da warin hayaƙi a cikin mota, wanda shi kansa haɗari ne ga mai tafiya da gilashi a rufe. An sha kwance saman inji saboda wannan, alhali gaskit ne na kuɗi kaɗan. Fulogin da bai ɗauru ba shi ma haka yake yi, iska na kufcewa ta gefensa. Shi kam a gaggauta, don kan silinda na alminiyam ne, in aka bar fulogi yana rawa sai ya cinye tiredin ramin, wata rana ya yi tsalle ya fito da kwayil ɗinsa.

Akwai kuma gurnanin daƙiƙa ɗaya ko biyu daidai lokacin da aka murza makulli da safe, kamar ana gurza ƙarfe, sai ya yanke. Wannan galibi na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul ce, wadda Toyota ke kira VVT-i, Honda kuma VTC. Ɗan makullin cikinta ne ba ya kamawa kafin mai ya iso. Accord ta 2008 zuwa 2012 mai silinda huɗu ta yi suna da shi. Ba ya kashe inji rana ɗaya, amma yana wahalar da sarƙar tayimin, kuma maganinsa sauya na'urar. Sarƙar kanta in ta saki, ƙararta ta fi kama da kacau-kacau daga gaban inji, ba bugu ɗaiɗai ba.

Wasu ƙararrakin ba sa buƙatar ko sisi. Nozul na buɗewa yana rufewa da lantarki, kuma kowane buɗi da 'yar ƙararsa. A sababbin injuna masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ƙarar ta fi fitowa, har mutum ya ɗauka dizal ce a silo. Akwai ɗan bawul ɗin da ke zuƙe tururin fetur daga tanki, shi ma yakan yi tik-tik ya daina, ya sake farawa. Tik-tik ɗin da ake ji bayan an kashe mota kuwa salansa ce ke hucewa.

Gano wurin ba ya buƙatar kwamfuta. Hasali ma kwamfutar ba ta jin ƙara, sai dai ta faɗi abin da ƙarar ta haifar. Dogon sukundireba ya wadatar: a ɗora bakinsa a jikin inji, a manna marikin a kunne, a riƙa matsawa. Marfin sama, daga wannan kai zuwa wancan. Kan kowane nozul. Gefen bulok. Can ƙasa kusa da kaskon mai. Inda ƙarar ta fi kaifi, nan gidanta yake. Don neman inda hayaƙi ke tsartowa kuwa, guntun tiyo ya fi, a sa kai ɗaya a kunne a riƙa yawo da ɗayan kusa da manifol. A kula dai: ba a sunkuyawa kan inji mai aiki da babbar riga ko mayafi, kuma fankar lagireto a yawancin motoci ta lantarki ce, tana tashi ba sallama. In ana zargin altaneta ko kwamfiresan AC ko wata fuli, sai a cire bel ɗin waje a tashi injin na ƙasa da minti ɗaya yana sanyi. In ƙarar ta tafi, cikin inji lafiya lau.

Abin tsoron shi ne ƙarar ƙasa. Ita ba siririya ba ce, ƙwanƙwasa ce mai nauyi, kuma ɗabi'arta kishiyar ta manifol: da sanyi tana iya ɓuya, sai mai ya yi zafi ya tsinke take bayyana. Ta fi fitowa in an riƙe totur tsakanin juyi 2000 da 3000, ko a daidai lokacin da aka taka aka saki. Wannan metal ne, wato 'yan faifan da ke tsakanin kiranshaf da konrod (sandar da ke haɗa shi da fistin), waɗanda a ƙa'ida ba sa taɓa ƙarfe, a kan siririn shimfiɗin mai suke yawo. A farkonta takan yi sauƙi har a rikita ta da tafet, kuma a nan injuna da yawa ke salwanta. Hanyar rarrabewa ita ce a riƙa cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Silindar da aka hana wuta ba ta dukan konrod ɗinta, don haka in metal ne, ƙarar za ta ragu sosai ko ta ɓace da an zo kanta. Tafet kuwa ko a jikinsa, tunda kamshaf na ci gaba da juyawa ko da wuta ko babu. Cire na nozul ya fi cire na kwayil, saboda in wuta aka yanke fetur na ci gaba da zuba ɗanye cikin salansa yana lalata indomi, wato matacin hayaƙin da ke cikinta. Bayan haka a juye man a faranti mai tsabta a duba shi a rana. In yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, magana ta ƙare.

Gwajin da ya fi kowanne raba gardama, wanda kuma ba kasafai ake yin sa a garejinmu ba, shi ne auna ƙarfin mai da agogo. Ana kwance suwic ɗin fitilar mai, a ɗaura agogon a raminsa, a bar inji ya yi zafi sosai, a karanta a silo, a kuma karanta a juyi 3000. Kowane inji da adadinsa a littafin gyara. Na 1ZZ-FE, misali, ana so ya kai aƙalla 4 psi (ma'aunin ƙarfin turi ke nan) a silo, a juyi 3000 kuma ya haura 40. In ƙarfin ya cika, matsalar ta tsaya a kan tafet ko bawul ɗaya, gyara mai iyaka. In ya gaza, sauya tafet goma sha shida ma asara ce, don sababbin za su bi sahun tsofaffin. Sai a sauke kaskon mai a duba rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta. Sau da yawa za a same ta a toshe da baƙar laka ta man da ya wuce lokacinsa, ko da guntattakin gam ɗin da wani ya lafta wa kaskon a gyaran baya, ya matso ciki ya yanke. Wanke rariya kaɗai ya ceci injuna da dama, in an kama da wuri.

Mu dawo kan mai mai kauri, tunda shi ne maganin da aka fi rubutawa. Lambobin jikin galan, 5W-30 ko 20W-50, na farko yana nuna yadda man ke gudu da sanyi, na biyu kaurinsa in ya yi zafi. Hujjar da aka saba ji ita ce ƙasarmu da zafi, siririn mai na Turai ne. Amma lafiyayyen inji, a Kano yake ko a Landan, ruwansa a wajen digiri 90 yake aiki, lagireto da tamostat ne ke riƙe shi a nan. Fijo 504 an ƙera ta da rata mai faɗi, 20W-50 ya dace da ita. Injunan da ke da VVT-i kuwa hanyoyin mansu ƙanana ne, har da 'yar rariya mai laushi a gaban bawul ɗin da ke sarrafa na'urar. Littafin Corolla mai 1ZZ-FE 5W-30 ya ce, na Accord ta 2003 da aka yi wa kasuwar Amurka kuma 5W-20. In aka ɗura wa irin waɗannan mai mai kauri, yakan makara wajen isa sama da safe, daidai lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. A injin da metal ɗinsa ya riga ya saki, kaurin na cike ratar, ƙara ta lafa, agogo ya ɗan ɗaga. Ban ce wannan ba shi da amfani sam ba: mai tsohuwar motar haya da ya san injinsa ya gaji, yana neman 'yan watanni ya tara kuɗin gyara, yana da hujja. Matsalar ita ce a zuba ba tare da an san me ke ƙarar ba, a kashe alamar a bar ciwon yana ci. Haka abin yake ga ruwan nan mai yauƙi da ake sayarwa a gwangwani don ƙara wa mai kauri.

Game da wanke cikin inji da kananzir ko man dizal, ni ba na goyon baya. A injin da laka ta yi wa katutu, wankin gaggawa ɓamɓaro ta yake yi a dunƙule, ta gangara ta toshe rariya. Ya fi aminci a zuba man da littafi ya ce, na gaske, daga hannun dila amintacce, da filta mai kyau, a rage tazarar juye sau biyu ko uku. Tafet ɗin da dauɗa ce kawai ta maƙale masa yakan saki a haka. Wanda bai saki ba, a sauya shi, a kuma duba tozon kamshaf ɗin da ke kansa, in ya ƙarje a haɗa da shi. A hanyoyinmu masu ƙura, musamman lokacin hunturu, da cunkoson da mota ke daɗewa a silo, juye a kilomita 5,000 ba almubazzaranci ba ne, kuma filtar iska ma a riƙa leƙa ta.

Ga masu Honda da sauran injunan sukuru, akwai wani abu da ya saɓa wa tunanin yawancin mutane. Mai mota yakan matsa wa bakanike ya ɗaure tafet har ƙarar ta ɓace ɓat, shi kuma don ya faranta masa sai ya matse. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kujerarsa. In babu rata, da ya ɗau zafi ya ƙara tsawo ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakinsa. Daga nan sai rawar inji a silo, sai rashin ƙarfi, sai sauke kan silinda. Bawul mai ɗan ƙara ba ya ƙonewa, wanda aka matse ne ke ƙonewa, kuma shi ba ya yin ƙarar da za ta tona shi. A injunan Honda, na hayaƙin ma da kansu suke matsewa da tsufa, shi ya sa ake auna su ko ba a ji komai ba. Wannan ya ƙara zama dole ga waɗanda suka mayar da motocinsu gas tun bayan cire tallafin fetur a 2023, domin gas busasshe ne, yana sa kujerar bawul ta fi saurin lotsawa. Saitin kuma da ma'auni ake yin sa, ba da kunne ba, kuma inji na sanyi. Honda ta ce kan silinda ya kasance ƙasa da digiri 38, wanda a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri iskar rana kanta ta wuce haka. Ma'ana motar ta kwana a gareji, a yi aikin da sassafe.

In gwaji ya tabbatar metal ne, kowace tafiya ƙarin kuɗi ce. Wanda ya tsaya da wuri, sau da yawa ana iya kai kiranshaf a wasa shi, a sa metal mai ƙarin kauri na milimita 0.25, a wanke duk hanyoyin mai, a duba famfo. Wanda ya ci gaba da lallaɓawa, metal ɗin zai murɗe a gidansa, konrod ya yi zafi ya karye, ya fasa bulok ya leƙo waje, a nan kuwa babu sauran gyara sai sauyin inji.

Mai shirin sayen motar hannu shi ma wannan ya shafe shi. Ya nemi a bar masa ita ya tashe ta da kansa tana sanyi, ya taɓa jikin injin tukuna ya tabbatar ba a riga an ɗumama ta kafin isowarsa ba. Ya zaro sandar awo ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ji ko ya cika yauƙi. Sannan ya zaga da ita har ta yi zafi sosai, ya tsaya, ya bar ta a silo da AC a kunne, ya sa ido kan jar fitila na minti biyu ko uku kafin a fara maganar farashi.